Daɓen Inna Rakiya

A kan katifarta suka cicciɓo ta, Illo ta wajen kai, matarsa Murjanatu da wani lebura ta wajen ƙafa, suka tsallake kwatar da ta raba gidajen biyu. Tsohuwar ba ta da wani nauyi. Illo ya sha sauke buhun albasa da ya ninka ta nauyi daga jirginsa.

"Ina za ku kai ni?" in ji Inna Rakiya. Idonta ya daɗe da tafiya, da hannu take lalube.

"Nan gidan Yaya Illo ne, Inna," in ji ɗanta Shamsuddeen, yana biye da su da waya a hannu. "Gyara za a yi miki. Jibi ki koma."

"Ni ban ce ɗakina ya lalace ba."

Kafin su sauke ta a ɗakin Murjanatu har an fara jin sarar diga a bayansu.

Illo matuƙin jirgin fito ne a Wara, kuma tun yana yawo ba wando yake shiga ɗakin Inna Rakiya. Tana amarya ruwan dam ya ci gungunsu, tsibirin da suke zaune, aka kwaso su tudu. Mijinta ya gina mata ɗakin, ita kuma ta daɓe shi da hannunta, da tsakuwar bakin ruwa da makuba, tana sabunta shi duk rani har ya yi baƙi yana sheƙi kamar bayan tarwaɗa. Da ido ya tafi, tafin ƙafa ya zame mata ido. Ta san kwarin da randa ke zama, ta san tudun bakin gado.

Shamsuddeen aikin ofis yake a Birnin Kebbi. Da ya iso da kwalayen tayil cike da bayan mota, da Samuel mai sa tayil da ya ɗauko daga Yelwa, Illo har ya ce a ransa yaron ya tuna da uwa. Sai da ya tsuguna alwala a gindin katanga ya jiyo shi yana waya.

"Likita ya ce da wuya ta wuce makon nan, shi ya sa nake sauri. Mutanen ofis za su zo gaisuwa, har da Darakta. A kan ƙasa zan zaunar da su?"

Illo bai ƙarasa wanke ƙafa ba ya zagaya.

"Shamsu, tayil ɗin ga na wa ne?"

"Na Inna mana."

"Innar da ba ta gani? Ƙarya kake. Uwarka na numfashi kana gyara wa 'yan ta'aziyya mazauni."

"Yaya Illo, ba ka san mutanen nan ba. Sai su shekara suna maganar inda na fito."

"To ina ka fito, cikin kwali? A kan ƙasar da ake sara yanzu aka yanke maka cibi."

Shamsuddeen ya sa wayar a aljihu. "Gidan ubana ne dai ko?"

Gidan ubansa ne. Illo ya yi tsaki ya koma, ya sake alwala daga farko.

Washegari Inna Rakiya ta ƙi kunu, ta ƙi romon kifin da Murjanatu ta yi mata. Ba ta kuka, magana kawai take, murya ƙasa-ƙasa.

"An tashe ni sau guda. Wancan ruwa ne, ba a jayayya da ruwa. Wanga karo wa ya tashe ni?"

Bayan azahar Murjanatu ta leƙo zaure. "Malam, ƙafafunta sun yi sanyi. Ɗakinta take ta kira."

Illo ya tarar da ƙofar ɗakin da sabon kwaɗo. Shamsuddeen ya tafi kasuwa neman kujerun roba da rumfa, da makullin a aljihunsa. Samuel na tsugune yana wanke kayan aikinsa a bokiti.

"Ba a taka shi yau, Baba. Simintin ɗanye ne, tayil zai nutse. Oga ya ce ko kaza kada ta shiga."

"Kai kana da uwa?"

"Ina da ita, tana Shanga." Samuel ya yarfe hannu. "Ni cewa aka yi asibiti za a kai tsohuwar. Sai da na fasa rabin ƙasar na ji tarinta ta katanga." Ya dubi ƙofar, ya dubi Illo. "In da katako mai faɗi, a shimfiɗa a bi ta kai."

Illo ya sauka bakin ruwa ya ciro katakan da fasinja ke zama a jirginsa. Yana dawowa ya tarar da kwaɗon a ƙasa.

"In ya tambaya, ni na fasa," in ji Illo.

"Gudumar tawa ce, Baba. Ku dai ɗauko ta."

Suka shiga da ita a hankali, ƙafa bayan ƙafa. Ɗakin ya yi fari fat, sai warin siminti, ko tari ka yi sai ya dawo maka. A bakin ƙofa diddigen Illo ya zame daga katako, tayil ɗaya ya lotsa. Suka sauke katifar daidai inda gadonta yake a da.

"Inna, ga ki a ɗakinki."

Ta sauke hannu daga katifar ta shafa ƙasa. Ta shafa gaba, ta shafa baya, ta miƙa yatsu wajen da randa take. Ta daɗe tana nema.

"Illo, har da kai?" ta ce. "Wanga asibiti ne. Ku kai ni ɗakina."

"Wallahi shi ne, Inna. Kawo hannu ki ji bangon."

Ta janye hannunta ta rungume a ƙirji. Murjanatu ta durƙusa a kunnenta tana karanta mata kalmar shahada, ta karɓa. Sannan ta sake cewa a kai ta ɗakinta, da muryar da sai ka sunkuya za ka ji. Ba a kira la'asar da ita ba.

Shamsuddeen ya dawo da kujeru a ɗaure a bayan mota. Ya ga kwaɗo a ƙasa, ya tsaya a bakin ƙofa. Illo na kallonsa, ya kuma ga abin da idon Shamsuddeen ya fara sauka a kai, tayil ɗin da ya lotsa. Bayan nan ne ya ga zanen da aka ja mata har ka. Ya yi kuka, kukan gaske, Illo ba zai yi masa ƙarya ba. Amma da ya miƙo hannu, Illo ya wuce shi ya tafi faɗa wa liman.

Da mata masu wanka suka zo, babbarsu ta tsaya tana dube-dube. A unguwar nan, in za a wanke gawa a ɗaki, rami ake ɗan tonawa a gefe don ya sha ruwan, a mayar da ƙasa a rufe, kada kowa ya taka.

"Ina za mu tona?" ta tambaya.

Shamsuddeen ya ce su yi haƙuri su yi a hakan. Suka tura ƙofa.

Illo ya zauna a tsakar gida a kan turmin da aka kifa. Can sai ga ruwan ya ɓullo ta ƙarƙashin ƙofa, siriri, ya bi layin da ke tsakanin tayil da tayil, ya sauko dokin ƙofa, ya ratsa ƙafafun sababbin kujeru da aka jera a kan simintin ƙofar ɗaki. Maza suka riƙa janye takalmansu. Ya yi ta tafiya har ya kai gindin turmin, inda ƙasa take, ta shanye shi.