Namijin da Ya Tsiro a Kabarin Refat

A ƙauyenmu, can kan dutse tsakanin birnin Gjirokastra da iyakar ƙasar Girka, idan aka haifi ɗa namiji bindiga ake harbawa sama. Amma idan namiji ya fito a gonar wiwi, tumɓuke shi ake yi tun bai buɗe fure ba. Dalili kuwa, garin furensa in ya bi iska ya sauka a kan matan, sai su bar yin danƙo su koma yin 'ya'ya, kuma babu mai sayen ganyen da ya cika da ƙwaya. Namiji guda ya isa ya lalata noman unguwa. Ko limami bai taɓa jayayya da wannan doka ba, don shi ma yana da 'yar gonarsa a bayan masallaci.

Yayana Refat ya rasu a ƙarshen hunturu. Da matarsa Sanije ta zo rabar da tufafinsa, sai ta tarar da 'yan ƙwayoyin irin wiwi a aljihun kwat ɗinsa, irin gajeren nan mai faɗin ganye da ya daɗe yana cika baki an aiko masa daga Holand. Ta jiƙa su, ta rene su a bakin taga, sannan ta kai su maƙabarta ta dasa a kan kabarinsa, daidai ƙirji. Ɗaya kaɗai ya rayu. Bai yi tsawo ba, sai dai ya baje kamar kaza a kan ƙwai. Kullum da safe takan je ta ba shi ruwa, ta zauna tana yi masa hira. A iya sanina, Refat bai taɓa jin murya mai taushi irin wannan daga bakinta ba yana raye.

Da bazara ta yi nisa, Maliq, wanda gonarsa ke jingine da katangar maƙabarta, ya shigo shagon kofi yana haki.

"Jama'a, an cuce mu! Abin nan na kabarin Refat namiji ne. Na ga 'yan ƙwallaye suna reto a ƙarƙashin ganye, sun kusa fashewa."

A wurinmu ba a cire ko ciyawa daga kabarin wani sai da yardar iyalinsa, kuma duk ƙauyen babu mai ƙarfin halin tunkarar Sanije. Sai kowa ya juyo yana kallona.

"Tahsim, kai ne ƙanin miji," in ji limami. "In ta fasa maka kai, cikin gida ne."

Na same ta a bakin kabarin da butar ban ruwa.

"Matar Yaya, barka da aiki."

"Barka dai, sanƙo. Su waye suka aiko ka? Don kai ba ka zuwa gaida matattu sai in akwai abinci."

"Maganar shukar nan ce. Namiji ne."

"To da me kake so ya zama? A kan namiji ya tsiro. Yayanka ne ya leƙo ya sha iska. Wanda ya taɓa shi, zan dasa shi kusa da shi."

Na yi mata maganar noman mutane, ta ce mutane su ci kansu. Na yi mata maganar marayun unguwa, ta ce ba ita ta kashe iyayensu ba. Na kawo sunan limami, ta yi wata dariya wadda ba zan rubuta abin da ya biyo bayanta ba. Da dabara ta ƙare mini, sai na zauna a kan katanga na faɗi abin yadda yake.

"Shi kenan, a bar shi. Iskar yamma za ta ɗauke shi, ya tsallake katangar nan ya fara da na Maliq. Daga nan ya gangara unguwar ƙasa, gida gida. Kafin kaka babu macen da zai bari a ƙauyen nan bai yi mata ciki ba."

Sanije ta ajiye butar a hankali.

"Ya tsallake katanga?"

"Ƙwarai."

"Ya fara da gidan Maliq?"

"Nan ne mafi kusa."

Ta juya ta fuskanci kabarin, hannu a ƙugu.

"Refat! Ashe har yanzu? Ƙasa a kanka, dutse a kanka, ba ka daina ba? Ni ina ɗauko maka ruwa da ciwon gwiwa, kai kana shirin fita yawo!" Ta juyo gare ni. "Kai kuma me kake jira, baki buɗe? Ba ni lauje!"

Na roƙe ta mu fara rufa masa jiƙaƙƙen buhu don kada garin ya watse. Ta ce dama tun ranar aure ya kamata a rufa masa. Sara ɗaya ta yi. Ta kai shi gida ta cusa a murhu, ta gasa burodi a kansa, kuma ba ta ba kowa ba. A gurbinsa ta dasa ƙaya.

Noman ya yi kyau a wannan shekara, ƙauye ya tsira. Sai dai lokacin girbi aka tarar da ƙwaya a layi guda na gonar Maliq, wanda ke bin katanga, wanda kuma matarsa Lumturi ke kula da shi da hannunta. Da labari ya kai wa Sanije, ko ɗago kai ba ta yi daga saƙarta ba.

"Layin Lumturi ko?" ta ce. "Ai ya san hanya."