Tsatsa a Ƙarƙashin Jan Fenti

Tun da idon Baba ya tafi, shekara ɗaya da rabi ke nan, kujerar falo ta zama duniyarsa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana gyaran jikin mota, yana miƙar da ƙarfen da direbobi suka lanƙwasa, sai ga shi ko bakin ƙofa ba ya leƙawa. In ka ce ya fito ya sha iska, sai ya ce iskar ta shigo ta same shi. Abinci ma sai Mama ta yi da gaske kafin ya kai loma uku. Ina tsoron wata rana mu wayi gari ya bi idon nasa, kuma wannan tsoron ne ya sa na yi masa ƙarya.

Ni malamin makaranta ne, amma tun ina yaro raina ke kan ƙananan motocin gudu na da, masu kujera biyu. Bayan shekaru ina tari, na samu wata ja wadda ta girme ni, a hannun wani tsohon lauya. Na kai wani bakanike na zamani ya jona mata na'ura, ya saurari inji, ya ce garau take. A zuciyata na riga na saya. Duk da haka na je na durƙusa gaban Baba na ce ba wanda ya duba min ita, kuma ba zan biya ba sai ya sa baki.

"Makaho za ka kai ya duba maka mota?" in ji shi.

"Kai zan kai, Baba."

Sai ya ce, "Ce wa uwarku ta dubo min maganaɗisuna da ƙaramar guduma. In ba ta kyautar ba."

Motar tana cikin garejin gidan Lauya, an wanke ta tana sheƙi. Lauya kuwa ya bar kotu amma kotu ba ta bar bakinsa ba. Tun daga ƙofa ya soma kare motar kamar wadda ake tuhuma: ba ta taɓa haɗari ba, ba ta kwana a waje, fentin nan shekara shida ke nan ko ƙwarzane babu. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce in ɗora masa hannu a kan bonet.

Daga nan na zama ɗan kallo. Ya naɗe maganaɗisun a hankici don kada ya goge fenti, ya riƙa jan shi a hankali a jikin motar. Inda ƙarfe yake, sai ya manne. A bayan tayar gaba kuwa ya zame ya faɗo, Baba ya cafe shi kafin ya kai ƙasa.

"Nan ba ƙarfe," ya ce. "Abin cike rami aka shafa, aka bi da fenti."

Ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya matsa gaba kaɗan ya sake. Ni duk ƙara ɗaya nake ji, shi kuwa yana gyaɗa kai kamar ana ba shi labari. Ya buɗe ƙofa, ya ɗaga kafet, ya sunkuya ya shinshina, ya ce ruwa ya daɗe yana kwana a nan. Sai ya ce a ɗaga motar da jak, a tokare ta da kyau, a shimfiɗa masa kwali. Na ce bayansa fa? Ya ce bayansa ne, ba nawa ba.

Yana kwance a ƙarƙashi ya nemi sikundireba, na miƙa masa. Ya lalubi dogon ƙarfen da ke ƙasan ƙofar direba, ya danna kaɗan kawai. Sikundirebar ta shige har mariƙi. Jan gari ya zubo masa a riga, ya sa yatsa ya zaro wani abu ya miƙo min. Tsohuwar jarida ce aka cusa a ramin, ta ruɓe tare da ƙarfen.

Lauya ya karɓi jaridar yana jujjuyawa. Shi ma cutarsa aka yi, don da kuɗinsa aka yi wannan gyaran. Da ya buɗe baki kuwa, gara da bai buɗe ba.

"Amma ai wanda ɗanka ya kawo makon jiya ya ce lafiyarta lau. Har da na'ura ya zo."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ƙafafun Baba kawai nake gani sun leƙo daga ƙarƙashin motar, kuma sun daina motsi.

"Ashe an riga an duba," ya ce daga can ciki. "Shan iska aka kawo ni."

Na tsuguna a gefen taya. Ban ga amfanin ƙara wata ƙaryar ba, sai na faɗa masa gaskiya. Na ce na gaji da ganinsa yana narkewa a kujera, na ce tsoro nake ji, kuma ban san wata hanyar da zan fito da shi ba. Ga Lauya tsaye a kaina, amma ban damu ba.

Sai na ji gudumar ta soma aiki, ƙwas, ƙwas, daga gaba tana tafiya baya. Ya bi shasin motar taƙi-taƙi, yana jan jiki a kan kwali, ya fi minti ashirin. Ban san ko fushi yake saukewa a kan ƙarfen ba, ko aiki yake yi. Da ya gama ya ce in ja shi, na jawo shi ya zauna, tsatsa har a gemu.

"Ƙasan ƙofa duka biyu sun tafi," ya ce, yana fuskantar wajen da Lauya yake. "Daben da ke ƙarƙashin ƙafar direba saura ƙiris ya ga titi. Bayan tayar gaba sai an yanke an sa sabo. Amma shasi lafiya yake, kuma shi ne ƙashin bayan mota. Wanda ya ƙera ta bai yi rowar ƙarfe ba."

Lauya ya tambayi abin da gyaran zai ci. Baba ya ce in garejin masu gyara aka kai, kuma aka samu mai tsoron Allah, zai ci fiye da kuɗin motar, don ƙarfen ba shi ne tsada ba, hannun ne. Lauya mutumin kirki ne, nan take ya ce ya yafe rabin farashi. Na yi godiya na ce a bar maganar, albashin malami ba zai ɗauki wannan ba. Raina ya ɓaci sau biyu, na rasa mota, na kuma ɓata wa ubana rai.

"Wa ya ce maka gareji?" in ji Baba. "Yaushe za ku yi dogon hutu?"

"Saura mako biyu."

"Kana shekara goma sha biyu na miƙa maka guduma, ka ce kai biro za ka riƙe. Ban hana ka ba. To yanzu ni aikin yana kaina amma ba ido. Kai kana da ido amma ba ka san komai ba. In aka haɗa mu, wataƙila a samu bakanike guda."

Lauya ya yi dariya.

Baba ya lalubo hannuna, ya lanƙwasa min yatsa, ya buga shi a jikin ƙofa, sannan ya matsar da shi ƙasa ya sake bugawa.

"Me ka ji?"

"Wallahi duk ɗaya nake ji, Baba."

"To, za mu daɗe ke nan," ya ce, yana kakkaɓe rigarsa. "Biya mutum kuɗinsa. Gobe ƙarfe bakwai ka zo ka kai ni kasuwar ƙarfe, kuma ka karya da wuri, ba na jiran kowa."