Jan Ƙyalle a Madubi

A garinmu na bakin kogin Bosna, ranar tunawa da yaƙi ta zama ranar motoci. Ƙungiyar masu tsofaffin motocin soja ke shigewa gaba a fareti, daga maƙabartar shahidai su gangara har gada. Can baya sai wata babbar mota mai buɗaɗɗen baya, wadda ake loda guragun yaƙi su yi ta ɗaga wa jama'a hannu. Shekara da shekaru Hajrudin yana cikin wannan lodi. Ya tsani motar, ya tsani tafin da ake masa, ya fi tsanar samarin da ke cicciɓarsa da kekensa suna cewa "a hankali da Kawu," kamar buhun dankalin da ake tsoron ya fashe.

Shi da yake direba! Jip ɗin soja ya tuƙa duk tsawon yaƙin, ya hau tsauni da burodi da harsashi, ya sauko da masu rauni, har ranar da tayar gaba ta taka nakiya. Abokin tafiyarsa Sead ya mutu nan take, shi kuma ya baro ƙafafunsa biyu a can. Motar ta fi su sa'a. Bayan yaƙi ya tarar da ita a gonar wani manomi, kaji na ƙwai a kujerarta, ya sa aka jawo masa ita gida.

Esad bakanike, abokinsa tun suna yara, shi ya tashe ta. Injin bai ba su wuya ba. Abin da ya cinye musu lokacin sanyi guda shi ne yadda hannu biyu za su yi aikin hannu da na ƙafa, a motar da ko mai ƙafa sai ya cije kafin ya taka kulocinta. Daga ƙarshe Esad ya kafa sandar ƙarfe a gefen sitiyari, a tura birki, a jawo totur, ya ɗaura wa sandar giya hannun birkin babur ya zama kuloci. Ranar gwajin farko Hajrudin ya bi ta kan kabejin matarsa yana ƙyaƙyata dariya kamar yaro.

"Tsoho, me kabejina ya yi maka?" in ji matar tasa, Zumreta, daga bakin ƙofa.

"Rabu da kabeji, tsohuwa. Ranar fareti ki ɗaura sabon shuɗin ɗankwalinki ki tsaya a bakin gada. Kada ma ki duba motar lodi, bana ba na ciki."

"To, sarkin direbobi. Allah ya sa dai kada ka zuba mana tarihi a kogi."

Ta faɗa da tsiya, amma da ta juya ya ga tana share ido da bakin zanenta.

Ƙungiyar tana da al'ada. Safiyar fareti shugaba kan zagaya motoci, ya leƙa ciki ya leƙa ƙasa, duk wadda ya tarar yadda ta fito daga masana'anta, har noti, sai ya ɗaura mata jan ƙyalle a madubi. Wadda ba ta da ƙyalle ba ta shiga layi. Shugaban kuwa Ramiz ne, wanda ya yi yaƙin nan kaf a Jamus yana shimfiɗa tayil a banɗakunan mutane, ya dawo da tumbi da son yaƙi irin na wanda bai taɓa jin warinsa ba.

Da ya iso kan jip ɗin Hajrudin sai ya tsaya yana shafa ramukan harsashi a jikinta.

"Kai, kai, kai! Wannan ta ga yaƙi, jama'a. Namu duk 'yan kwalliya ne." Ya leƙa ciki, murmushin ya ɗauke. "Hajro, wannan fa?"

"Ƙafafuna ke nan."

"Haba ɗan'uwa, ka san doka. Bara Sabit muka hana, don kawai ya sa fitilar zamani."

"Sabit ƙafa nawa gare shi?"

"Kada ka ɗauki abin da zafi. In na ƙyale ka, baɗi wani ya zo mana da kujera mai laushi ya ce basir ke damunsa." Wasu suka yi dariya. "Mu dai muna son ta yadda take lokacin yaƙi."

"Lokacin yaƙi ni ne a cikinta. Sauran kayan da suka ɓace suna can kan tsauni. Je ka ɗauko, Shugaba, in ka san hanyar."

Nan Esad, wanda aka taɓa masa sana'a, ya kasa haƙuri.

"Shugaba, duba da kyau mana. Ban huda ko'ina ba, ban yi walda ba. Da noti na kama komai. In aka kwance, wallahi ba wanda zai ce an taɓa ta."

Alfahari ya sa shi faɗa, bawan Allah, ba mugunta ba. Ramiz ya dube shi ya gyaɗa kai. Daidai nan liman ya kira jama'a Fatiha, aka sauko da Hajrudin kan kekensa, aka tura shi cikin fararen duwatsun kaburbura. Ya daɗe a kan Sead, kamar kullum, har ya gaya masa a zuci cewa yau motarsu za ta sauka gada da direbanta.

Da ya dawo bai same ta inda ya bar ta ba. Tana can gaban layi, jan ƙyalle na kaɗawa a madubinta. Surukin Ramiz, wani Almir da aka haifa bayan an daina harbi, yana zaune a bayan sitiyari cikin kakin aro. Sandar ƙarfen da wayoyinta suna yashe a ciyawa. Esad na tsaye da sufana a hannu, yana kallon takalmansa.

"Hajro, gaba fa suka sa ta. Gaban kowa! Tun da nake gyara musu motoci ba a taɓa sa aikina a gaba ba. Da an tashi zan mayar maka da komai, kafin kofi ya huce."

"Da an tashi," in ji Hajrudin.

"Ga kujerar gefe, mun bar maka," in ji Ramiz yana buɗe hannuwa. "Jarumi a motarsa, me ya fi wannan?"

"Kujerar Sead ce."

Yana iya daka tsawa ya ce a sauka masa daga mota, ai tasa ce. Amma 'yan badujala sun fara busa, ga iyayen matattu a jere riƙe da hotunan 'ya'yansu suna kallo, shi kuma ba zai yi rigimar mota a kan kaburbura ba. Samarin nan suka ga ya ƙi kujerar, suka ɗauka motar lodi ya zaɓa, suka cicciɓe shi da kekensa.

"A hankali da Kawu!"

Daga bayan motar lodi yana jin Almir na gurza giya a kowace kwana, jama'a kuma na ta tafa wa ramukan harsashi. Wani gurgu a gefensa ya zungure shi ya ce ya ɗaga hannu mana, ana ɗaukar hoto.

Tun daga nesa ya hango shuɗin ɗankwalin a bakin gada. Zumreta ta kutsa har gaba, ta jawo maƙwabta biyu su zo su gani. Jip ɗin ta iso, ta yi ɗage tana leƙen direba, hannunta ya tashi ya tsaya a rabi. Ta bi sauran motocin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta juya inda ya ce kada ta duba, ta same shi, ta ɗaga masa hannu kamar kowace shekara.