Injin 'Ya'yan Ɗanjummai

Ɗanjummai na Zakka ya rasu ya bar motoci biyu da 'ya'ya maza biyu, kuma a cikin huɗun nan ban ga mai amfani ba. Motocin tsofaffin gingimari ne masu bodin katako, masu shan fetur, ɗaya ta girmi ɗaya da shekara takwas. Babbar ta faɗa hannun Mani, ƙaramar ta zama ta ƙanensa Daudu. Ta Mani kan injinta ya tsage, ta Daudu kuma gindin injin ne ya fashe. Shekara uku suna jibge a garejina a Batsari kaji na yi musu ƙwai a ciki, masu su kuwa ba sa ga maciji da juna. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma in sun haɗu a kasuwa kowa sai ya ga abin kallo a wani gefen.

Ni ne Luka, bakanike, mutumin Yasore. Na yi wa ubansu aiki tun ina da ƙuruciya, kuma ban taɓa son ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa ba.

Sai aka shiga shekarar fari. Ga iyaka a rufe, kayan gyara sun ɓace a kasuwa, ko fulogi sai dai ka kankare tsoho ka mayar. Uwarsu, Inna Baiwa, shanu biyar suka rage mata, su ma daga fata sai ƙashi. Ƙanenta da ke kudu da Funtuwa ya aiko cewa akwai sauran ɗanyar ciyawa a fadamarsa, a kawo su. Da ƙafa ko Safana ba za su kai ba, kuma babu direban da zai ƙona ɗan fetur ɗinsa a kan shanun da ke shirin mutuwa. Ranar wata Alhamis ta taso 'ya'yan nata a gaba har gareji.

Bayan mun gaisa, ta tambayi mutanen Yasore ɗaya bayan ɗaya, sai ta ce, "Luka, ɗana, motocin ga biyu ba su yin guda?"

Na ce, "Suna yi, Inna, in masu su sun yarda."

Yardar ce ta cinye kwana huɗu, shanu na ƙara ramewa. Sai da aka tara dattawan Zakka, su kuma suka yi abin da suka iya, wato rabon gado. Suka lissafa sassan mota kamar gonaki, suka ce kowa ya ba da uku don kada gobe a ce motar wane ce. Mani ya ba da bodi da giya da gindin injin. Daudu ya ba da kan injin, da kafireto mai dama fetur da iska, da distiributa mai raba wuta ga fulogogi. Uku da uku, aka shafa Fatiha, kowa ya yaba adalci. Ba wanda ya tuna ya tambayi bakanike.

Na ɗora kan a bisa gindin, ya zauna, don gida ɗaya suka fito ko da shekarun sun bambanta. Ina cikin ɗaurewa Mani ya zo da kafireton tsohuwar motarsa a ƙunshe cikin buhu, wai shi ya fi ƙarfi, a sa shi a ɓoye. Na nuna masa ramukan noti ba su ma dace ba. Na ce kafireto kai yake bi, kuma kai na Daudu ne. Ya tafi yana ƙunƙuni, Daudu kuwa da labari ya kai masa har da zuwa ya sayo mini goro.

Goron bai gama narkewa a bakina ba na jarraba distiributarsa. Ta shiga ramin, haƙoranta sun kama, amma da na zaro ta na jera da tsohuwar distiributar Mani sai na ga ƙafarta ta gaza da kamar kaurin ƙwayar masara. A irin wannan injin, ƙafar nan ita ke juya famfon baƙin mai a can ƙasa. In ta kama da kyau, mai ya zagaya. In ta kuɓuce, injin zai ci gaba da tafiya lafiya lau yana cin kansa a bushe.

Na kira su duka biyu na ajiye ƙarafan a kan benci. Na ce distiributa gindi take bi, gindi kuma na Mani ne, don haka tasa za a sa.

Daudu ya dubi ƙarafan, ya dube ni. "Huɗu da biyu ke nan. Shi huɗu ni biyu."

"Ba rabo nake yi ba, Daudu, auna ƙarfe nake."

"Mi ya ba ka?"

"Wa?"

"Yaya Mani. Jiya an gan shi nan da buhu. Hwaɗa mani abin da ya ba ka in ninka." Ya ɗaga murya yadda masu faci da masu shayi na bakin titi za su ji. "Dama an ce ku mutanen Yasore tuwo guda ka sayenku. Baba ya ɗauke ka kana warin daddawa ya maishe ka mutum, yau kai za ka ci amanar ɗansa?"

Mani kuwa murmushi ma yake yi, don daɗi yake ji a ce yana da ƙarfin sayen mutum. Wannan murmushin ya fi zagin ƙona mini rai. Shekara ashirin ina wannan sana'a ba a taɓa cewa na ɗauki ko noti ɗaya na wani ba.

Na ce, "Taka kake so a sa?"

"Ita dattawa suka ce."

"To."

Na sa ta. Na danna ta iya dannuwa, na ɗaure, ƙafar ta kama famfon da ɗan baki kaɗan. Na saita wuta, na wanke kafireto, aka yi wa mota wani da hannu, wato aka zura ƙarfe ta gaba aka murza injin, sai ta tashi da wata murya mai daɗi kamar ba ita ta yi shekara uku a kwance ba. Agogon mai ya mutu tun zamanin Ɗanjummai, don haka babu abin da zai tona asiri. Daudu ya zagaya motar yana tambayar jama'a ko sun ji abin da bakanike ya ce ba zai yi ba. A raina na ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin faɗin haka.

Al'adarmu ce in ka haɗa injin, kai ne a gaba a tafiyar farko. Da sassafe muka isa Zakka lafiya. Aka ja motar bakin wani tudu, aka shimfiɗa ƙasa da kara a bodi, aka tura shanun ciki, biyu ma sai da aka ɗaga su da itace. Inna Baiwa ta ƙi shiga gaba. Ta hau baya da tulun ruwa ɗaya, ta zauna kusa da wata farar saniya da take kira Gwamma, wadda ta ce da nonon kakar saniyar ta yaye Daudu. Daudu ya kama sitiyari, Mani ya zauna a bakin ƙofa, ni a tsakiya kamar katanga.

Hanyar duk gargada ce. Da nauyi a baya, motar ta riƙa jijjiga har haƙora na haɗuwa. Muna wuce wata busasshiyar ƙorama na ji abin da nake jira. Wani ɗan ƙas-ƙas ne a saman injin, siriri, irin na ƙarfen da ya fara neman mai. Ƙafar ta kuɓuce.

A nan da an kashe mota, da ba a yi asarar komai ba. Distiributar Mani tana cikin akwatin kayan aikina a ƙarƙashin kujera, na sako ta da hannuna. Aikin rabin sa'a ne. Amma na ce a raina sai Daudu ya buɗe baki ya tambaye ni, ko da kalma ɗaya ce.

Ya ji ƙarar. Ɗan direba ne, a cikin mota ya girma. Na ga wuyansa ya sandare, ya ƙara taka totur don rurin injin ya danne ta. Mani ma ya ji. Ya juya ya kalli ƙanensa, ya gyara zama, ya ɗora gwiwar hannu a taga. Shi so yake ƙarfen Daudu ya kashe motar a gaban shaida. Muka yi ta tafiya mu uku, garada masu gemu, kowa na sauraro kowa na jiran wani.

Ƙas-ƙas ya zama ƙwanƙwasa. Warin ƙonannen ƙarfe ya shigo mana. Inna Baiwa ta fara bubbuga katako daga baya. Sai da na ji bugun nata na ce, "Tsaya," amma kafin in rufe baki injin ya yi wani gurnani, motar ta yi tsalle ta tsaya da kanta. Na sauka na sa ƙarfen wani, na hau kansa da dukan nauyina. Ko motsi bai yi ba. Injin ya kama, kuma babu sauran wani injin a Batsari ko Safana da za a ciro masa kaya.

Wurin fili ne fetal, ba inuwa ba rijiya, ga rana ta take. Babu tudun da za a sauke shanu, sai da muka ciro ƙofar baya muka jingina, muka jawo su ɗaya ɗaya. Uku suka sauka suka durƙushe nan take. 'Yan'uwan suka kama zage-zage, wannan ya ce ƙarfenka, wancan ya ce gindin injinka ne ruɓaɓɓe, har suka cakumi rigunan juna. Uwarsu ko kallo ba su ishe ta ba. Tana tsoma gefen zanenta a tulu tana goga wa shanun a hanci har ruwan ya ƙare. Mota ɗaya ta wuce kafin azahar, ba ta tsaya ba.

Wajen la'asar dukansu biyar suna ƙasa. Gwamma ta miƙe wuya, idonta ya fara juyewa. Inna Baiwa ta kwance wuƙa daga cikin kayanta ta miƙa wa Mani, ta ce ya yi sauri kada ta zama mushe, in ya gama ya bi sauran. Ta sa Daudu ya juya kan saniyar gabas. Sannan ta waiwayo inda nake tsaye a jikin mota.

"Luka, ɗana, kai ka ji ƙarar nan?"

"Na ji, Inna."

"Tun daga ina?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. "Tun ƙorama."

Ta dube ni. Da ta zage ni da na samu sauƙi.

Ta ce, "To zo ka riƙe mata ƙahwa."

Na durƙusa na kama ƙafafun baya da hannu biyu, na danne da ƙarfi. Ashe ba a ma bukatar ƙarfin, ko shurawa ba ta iya yi ba.