Ruwa a Cikin Jirgin Baba

Tun Auta bai iya ɗaura wando ba yayansa ke kula da injin jirgin ruwan babansu, har mutanen tashar jirage suka manta da sunansa suna kiransa Bakanike. Sai Auta ya tafi makarantar koyon aikin lantarki, ya dawo da 'yar na'urar gwada wuta mai wayoyi biyu, ja da baƙi. Daga ranar bakin Baba ya sauya. Fitila ta mutu, a kira Auta. Batir ya yi sanyi, Auta ya gani kuwa? Rannan har agogon bangon falo Baba ya miƙa wa Auta, a gaban Bakanike da ya sha gyara agogon nan.

Tun daga nan, in sun zauna cin abinci idon Bakanike na kan hannun Baba, yana duba gaban wa za a tura tsokar nama.

Wata safiya suka ɗauko fasinjoji da buhunan siminti, Baba na riƙe da sitiyari. Sun kai tsakiyar ruwa sai wata mata ta ɗaga ƙafa ta ce takalminta ya jiƙe. Bakanike ya ɗaga katakon da ake takawa. Ruwa ne ya taru a ƙasa, baƙi ƙirin, mai na yawo a kansa. Jirgin ya tsufa, dama yana ɗan yoyo, amma akwai famfo a can ƙasa da ke tashi da kansa ya kwashe ruwan ya watsar waje. Yau famfon ya yi gum.

Baba ya ɗaga murya. "Auta! Leƙa ka gani."

"Ga ni a kai, Baba," in ji Bakanike. "Ba sai an tara gari ba."

Ya danna makunnin hannu, shiru. Ya zura hannu ya ɗaga 'yar robar da ke tasowa da ruwa ta kunna famfon, shiru. Ya bi tiyon da yatsu, bai lanƙwashe ba. Da ya buɗe akwatin fiyus ya tarar na famfon ya ƙone, sai daɗi ya kama shi. Ya ɗaga shi sama yadda Baba zai hango, ya zaro sabo daga aljihu ya sa. Famfon ya yi gurnani sau ɗaya, fiyus ya ce tas.

Auta ya durƙusa kusa da shi, ya rage murya. "Yaya, kada ka sa wani. Ba a banza yake ƙonewa ba, wani abu ne ya riƙe famfon. Mu ciro shi."

"A makaranta aka gaya maka?"

"A'a, Yaya, gurnanin na ji."

"To ni kurma ne."

Bakanike ya san gaskiya yaron ya faɗa. Da shi kaɗai ne, da tuni ya tuge famfon. Amma maganar ta riga ta fito daga bakin Auta, kuma Baba ya waiwayo yana kallonsu. In ya ciro famfon yanzu, umarnin ƙaninsa ya bi ke nan. Ya laluba aljihu, fiyus ɗaya ya rage. Ya goge masa baki da rigarsa kamar datti ne matsalar, ya cusa. Tas.

Ruwa ya fara lasar buhunan ƙasa. Mai simintin ya miƙe yana ihu yana cewa za a mayar masa da kaya dutse, mata suka ɗora yara a cinya. Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ba shi wuri."

Da marin Bakanike Baba ya yi, da ya fi masa sauƙi. Ya ja baya, ya ɗauki bokiti ya shiga kwasar ruwa, yana watsawa da ƙarfin da ya fi na aikin.

Auta ya tuɓe riga ya kwanta rub da ciki a cikin ruwan man, ya murɗe famfon daga mazauninsa ya fito da shi. Zaren kamun kifi ne ya nannaɗe 'yar farfelar ciki, ya ɗaure ta tamau, ga guntun leda ya toshe rariyar. Ya sa wuƙa ya tsinke zaren, ya juya farfelar da yatsa har ta saki. Sai ya ɗago yana neman fiyus. Bakanike ya kau da kai. Auta bai tambaye shi ba, ya zare na fitilun jirgin, tunda rana ce tsaka, ya sa a gurbin. Famfon ya tashi, ruwa ya yi tsartuwa ta gefen jirgi, fasinjoji suka ɗauki tafi.

Da suka sauka mai siminti ya riƙe hannun Auta yana ta jijjigawa. Baba ya dafa kafaɗarsa. Auta ya ce, "Ai Yaya ne ya gano daga fiyus ne. Ni ƙarasawa na yi."

Wannan ta fi komai ƙona Bakanike. Wato yanzu har sadakar yabo ƙaninsa ke ba shi, a bainar jama'a. Baba ya ce, "Allah ya yi muku albarka ku duka," hannunsa kuwa bai bar kafaɗar Auta ba.

Akwai mai wani babban jirgin dakon kaya da ya daɗe yana zawarcin Bakanike, shi kuma yana ƙi. Da yamma Bakanike ya sami Baba a ƙofar gida yana gyaran igiya, ya tsuguna ya ce mutumin nan ya sake yi masa magana. Ya sunkuyar da kai yana jira a ce masa ina, jirgin ba zai yi ba sai da kai.

Baba ya daɗe yana murza igiyar. "Kana da iyali," ya ce. "Can ya fi nan ci gaba, na daɗe ina jin nauyin riƙe ka. Je ka, na yarda. Ƙaninka zai lallaba injin."

Bakanike ya yi godiya ya tashi.

Sabon wurin bai yi masa rowa ba. Injin babba ne, kayan aiki sababbi, maigidan na girmama shi. Amma kullum da safe, in jirgin Baba zai wuce ta gefen inda suke lodi, sai ya ajiye sifana ya fito bakin ƙarfen da ya kewaye jirgin. Auta yakan ɗago masa hannu yana dariya, shi ma ya ɗaga. Kunnensa dai na kan injin, yana jira ya ji tari ko shaƙewa. Injin na tafiya sumul. Yakan tsaya har ƙarar ta ɓace, sannan ya koma ciki ya ɗauki sifanarsa.