Sabon Murhu

Kai ne, Hau Tak-shing. Kai ka fasa murhun uwata da guduma, kuma duk ƙauye ya gani.

Ubana ni kaɗai ya haifa. A danginmu mace ba ta gadon ko tubali, shi ya sa kai, ɗan ƙanensa, ka ƙwallafa rai a kan gidan. Da aka kai maganar gadon mata majalisar Hong Kong, ni da ban san ko baƙi ɗaya ba na je ƙofarta na yi waƙar makoki har muryata ta dushe. Doka ta fito. Na dawo na dafa shinkafa da busasshen kifi a murhun nan, na ci a gidana.

Sai gwamnan Turawa da mutanen Beijing suka sa ƙafar wando ɗaya a kan yadda za a zaɓi majalisa. Beijing ta ce ranar da Turawa suka naɗe tutarsu, za ta watsa wannan majalisar ta kafa sabon murhu, wato wata majalisar tata. A rediyo na ji. Kai ma ka ji, don washegari ka shigo da guduma.

"Yaya Sau-kuen, matsa. Manya sun ce sabon murhu."

"Nasu suke nufi, ɗan banza, ba nawa ba!"

"Majalisar da ta ba ki gida kwananta ya ƙare. In tukunya ta fashe, ina miya?"

"Kai da ka sha romo a nan kana majina?"

Ka yi dariya, ka ɗaga guduma.

Na je wurin dagaci, ya ce a jira a ga wanda zai hau mulki. Na je ofishin gwamnati, jami'in ya ce, "Kaka, dokarki na nan daram." Na ce to taso ka tsaya mini a ƙofa. Ya ce wata mai zuwa Kanada zai koma.

Yanzu a tsakar gida nake girki a kan tubali uku, ruwa yana dukana, maginanka suna auna ɗakin da aka haife ni. Ba ni da inda za ni.

Gobe ake rabon naman alade a zauren kakanni, inda ba a kiran mace. Zan shiga da baƙin tubalin murhun, in ajiye shi gaban allon sunan ubana. Ka miƙe a gaban dangi, Tak-shing, ka faɗa wa ubana da bakinka wa ya aike ka, Beijing ko haɗamarka. Ba zan fita ba sai ka amsa.