Tandar da Zinariya Ta Zaɓa

"Ɗora min ita a hannu," in ji Zinariya. "Ni ba na sayen tanda da ido."

Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakinta, ko takalmi ban gama cirewa ba. Dubiya na zo, kuma ba don raina ya so ba. Matar liman ce ta tsare ni a hanya, ta ce abin kunya ne katanga ɗaya ta raba mu, ciwon ƙoda ya kwantar da mace amma ban leƙa ba. Na tarar da ita a kan katifa, ƙafafu sun kumbura suntum, fuska ta yi furu-furu, amma bakin nan nata yana nan yadda na san shi. Ɗanta Mahfuz, mai shago a Nguru, ya durƙusa gabanta da kwalaye biyu. Matarsa Huseina tana gefe tana yi mata fifita.

"Iya, wannan ta lantarki ce," in ji Mahfuz. "Injin waful ake ce mata. Ki zuba ƙullu ki rufe, fitila ta kawo kore, shi ke nan. Ba kamu, ba hayaƙi."

Zinariya ta ƙwanƙwasa ta da farce. "Gwangwani. Kuma lantarki a Gashuwa? Mutane su zauna da yunwa suna jiran a kawo wuta?"

"Akwai janareta, Iya," in ji Huseina a hankali. "Ni dai ita ta fi kwanta min, ta fi kyau a kicin."

"Ranar da nake nufi, janareta yana ƙofar gida yana kaɗa wa maza fanka. Miƙo ɗayar."

Ɗayar baƙin ƙarfe ce mai nauyi, faranti biyu masu haɗe baki, ciki duk gida-gida kamar gurbin dara, da dogayen mariƙai. Ita a kan gas ko gawayi ake ɗora ta, a riƙa juyawa. Da ƙyar Zinariya ta ɗaga ta, sai da Mahfuz ya tallafa. Ta shafa cikin da yatsa, ta buɗe ta rufe, ta gyaɗa kai.

"Wannan za ta riƙe zafi. Mayar da waccan."

Na ce mata sannu da jiki, ta yi kamar da bango nake. Raina ya ɓaci, na ce, "Wannan tarkon ɓeran kuma na mene ne?"

Sai a lokacin ta juyo ta dube ni. "Na sadakata ne, Rahama. Don kada ranar uku a je gidan wasu ana roƙo."

Mahfuz ya ce, "Haba Iya, subhanallahi," Huseina ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na zura takalmina na fita, ko sallama ban yi ba.

Duk unguwarmu mu biyu ne masu waina, ni da ita. In aka yi rasuwa, ɗayarmu ce ke toya ta sadakar uku, kuma in rasuwar a gidan ɗaya ce, ɗayar ke toyawa, don mai makoki ba ta hura wuta. Da can lafiya muke. Kullum da safe, wainar farko da ta fito daga tanda, wadda ba ta taɓa yin kyau ba balle a sayar, sai mu miƙa wa juna ta saman katanga a ɗanɗana gishiri. Har ranar sadakar mijinta Modu. Na tsaya a kan tanda hayaƙi ya cinye min ido, matar nan ta gutsiri wainata a gaban matan unguwa ta ce ta yi tsami, wai Modu bai cancanci haka ba. Tun daga ranar ko ga-maciji ba ma yi, sai habaici ta saman katanga.

Ba zan ɓoye ba, da na ji ciwonta ya yi tsanani na ce a raina, to, za dai a zo ƙofata. Na ƙudura zan toya mata wainar da za a daɗe ana zancenta, kowa ya ci ya san wa ya yi ƙarya a kan wa. Ashe ita ma lissafin da take yi ke nan a kwance.

Kwanakin da suka biyo baya, ta sa aka riƙa fito da ita tsakar gida tana koya wa Huseina. Ina jin komai daga wajen murhuna.

"Bari ta yi zafi, ke! Shafa mai har lungu. Ƙara fulawa a ƙullun, shinkafa zalla kamawa za ta yi. Juya!"

Ƙauri ya riƙa tsallako min. Na ɗaga murya na ce wa kajina, "Yau ma wani gidan taya ake ƙonawa." Zinariya ta amsa daga can, numfashi yana sarƙe mata, "Ta ƙone dai ta fi ta yi tsami." Sannu a hankali ƙaurin ya koma ƙamshi, muryarta kuma ta riƙa ja da baya, har ta kai sai ƙarar ƙarfen kawai nake ji.

Ranar Laraba da hantsi ina kan tanda na ji Huseina ta rafka salati. Sai da na kwashe wainar da ke kan wuta, don ba zan yi asarar mai saboda Zinariya ba. Na shiga, na zauna cikin mata, na ce Allah ya jiƙanta kamar yadda kowa ya ce. Da na dawo gida na jiƙa shinkafar tuwo, 'yar Katuzu ta nan Gashuwa, mai kyau, da nake ɓoyo. Yarinya 'yar gata irin Huseina, na ce, ba za ta iya ciyar da unguwa da tarkon ɓera ba. Washegari na kai niƙa, na zuba yis, na rufe roba, na kasa kunne ga ƙofa. Masu gaisuwa suna ta wucewa zuwa gidan makoki, babu wanda ya ƙwanƙwasa tawa.

Ranar uku da sassafe hayaƙi ya tashi daga bayan katanga, ƙarfe ya fara ƙwal-ƙwal. Wai har al'adar ma Zinariya ta karya, a gidan makoki aka hura wuta. Jim kaɗan aka yi sallama. Huseina ce, idanu jajur, riƙe da faranti a rufe.

"Inna Rahama, Iya ce ta bar sallahu. Ta ce ta farko taki ce."

Na ɗaga murfin. Guda ɗaya ce, gefe ya ƙone, tsakiya ta yage inda ta kama ƙarfe.

"Sai me kuma ta ce?"

Huseina ta miƙo min farantin. "Ta ce za ki ce gishiri ya yi kaɗan. Ta ce kar in kula ki."

Na karɓa na rufe ƙofa. A tsaye na gutsira na tauna. Gishirin kuwa ya yi kaɗan. Har na juya wajen katanga na buɗe baki, sai na ji muryoyin baƙi ne kawai a can, ana ta miƙon faranti.

Na zauna a kan turmi da ragowar a hannuna. A gefen murhu ƙulluna ya kumbura ya ture murfin roba, yana gangarowa ƙasa a hankali, kaji suna tsattsaga.